Na Tsuke Tukunya, Na Bar Aljihuna a Buɗe

Idan magidanci ya ce maka ya tsuke bakin aljihu, ka bincika da kyau. Sau da yawa aljihun nasa yana nan yadda yake, tukunyar matarsa ce ya tsuke wa baki. Ba da kowa nake ba, da kaina nake. Na daɗe ina wannan aika-aika ina ɗaukar kaina gwanin tattali, har ina ɗora abokan aiki a kan hanya, alhali wata baiwar Allah ce a cikin gida take biyan kuɗin gwanintar tawa da dukiyarta da lafiyar jikinta. In na ce ban sani ba, rabin gaskiya na faɗa. Ɗaya rabin shi ne ban tambaya ba, don ina gudun amsar.

Ni malamin makaranta ne. Ina zaune a Jega da iyalina, ina koyarwa a wajen Aliero, tushena kuma wani ƙauye ne a ƙasar Maiyama, inda mahaifiyata take har yau. Wanda ya san wannan yanki na Jihar Kebbi ya san ba ƙasar yunwa ba ce. Ga fadamar gulbin Zamfara da shinkafarta, ga albasar Aliero da ake lodi zuwa Kudu, ga gero da dawa a gonakin tudu na Maiyama, ga kuma kasuwar Jega wadda ta yi suna tun ƙarni na 19, zamanin da fatake ke ratsowa da goron Gwanja. Ba banza ba Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa. Amma ma'aikacin da ya jingine fartanya ya koma jiran albashi, a tsakiyar wannan albarka yake awo da kwano. Kuma ba a Jega ake yanka farashi ba. Muddin manyan motoci na tsaye a bakin kasuwa suna jiran kaya, abin da mai saye daga Legas ko Fatakwal ya iya biya shi zai biyo ka har tsakar gida.

Shekarar 2023 ba ta zo wa kowa da daɗi ba. Da farkonta aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, mutum da kuɗinsa a banki amma sai ya saye su a hannun mai POS. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta yi ƙasa. Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, garuruwa irin su Kamba suka yi tsit. Mafi ƙarancin albashi kuwa a lokacin yana nan daskare a naira 30,000 tun 2019. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, irin karayar da ko masu ɗorin Aliero, duk shahararsu, ba su da abin yi mata.

A wannan daminar na ɗauko littafin rubutu irin na ɗalibai, na ja layi da rula, na jera abubuwan da ke cin albashina: haya, kuɗin makarantar yara ta boko da ta Islamiyya, kuɗin wuta, fetur ɗin babur, abin da nake kai wa Inna, sai cefane. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman inda zan sa wuƙa. Mai gidan haya yana da baki. Makaranta za ta koro yaro kowa ya gani. Mai fetur ba ya ba da bashi. Inna kuwa ba a taɓa nata. Da na iso kan cefane sai hannuna ya yi sauƙi, na zaftare kashi ɗaya cikin uku. A lokacin ce wa kaina na yi a nan ɓarnar take. Yau na san dalilin na gaskiya: nan ne kaɗai wurin da zan yanka ba tare da wani ya ɗaga mini murya a bainar jama'a ba.

Da safe na miƙa wa uwargida kuɗin, na ce, "Daga yau abin da zan riƙa bayarwa ke nan. Ƙasa ta ɗauki zafi, sai an yi haƙuri." Tana da goyo a lokacin. Ta dubi kuɗin, ta ƙulle su a bakin zane, ta ce, "To, Malam. Allah ya rufa asiri." Na ɗauki wannan "to" a matsayin yarda. Ban tambaye ta nawa kwalbar man gyaɗa take ba. Ban san nawa ake niƙa ba. Rabona da tsayawa gaban mai kayan miya na manta, tunda yara ake aika. Na tsara wa tukunya kasafi ban san farashin ko ɗaya daga cikin abin da ke shiga cikinta ba.

Abin mamaki, tuwo bai fasa zuwa ba. Miya ta ɗan tsinke, nama ya zama baƙo, amma kullum na dawo ana ajiye mini kwanona a rufe. Sai kaina ya ƙara girma. A ɗakin malamai na zama mai wa'azin tattali. Ina ce musu mata in ka ba su ɗari za su cinye, in ka ba su hamsin za ta isa, duk yadda ka saba musu ne. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka. Waɗanda suka ɗauka su ne suka fi damuna yanzu, don ban san abin da ya faru a gidajensu ba, kuma da bakina aka yi.

Akwai abin da bai shiga littafin nan ba ko sau ɗaya: aljihuna. Shayi da burodi da ƙwai a teburin mai shayi kafin in kama hanyar Aliero, ko da na karya a gida. Katin waya da data, don kada a yi wata muhawara a WhatsApp ba ni. Tsire in an yi albashi, a ci a majalisa a goge baki kafin a shiga gida. Gidan kallon ƙwallo. Fetur ɗin zuwa aiki daban, na zaga gari da yamma daban, amma duka na haɗa su na kira su "fetur". Sai uwa uba gudummawa: ɗaurin aure, suna, walimar wanda ya sami ƙarin girma, inda ake kallon hannun mutum a san matsayinsa. A can ban taɓa rage ko sisi ba. Ko a Sallar da yarana suka maimaita takalman bara, ni na ɗinka sabuwar shadda, wai malami mutuncinsa a jikinsa yake. Duk waɗannan ban ɗauke su kashe kuɗi ba. Na ɗauke su zaman duniya.

Da rarar da nake gani na tara ta fara kauri, sai zuciya ta raya mini in juya ta. Duk wanda ke bin hanyar Aliero da rani ya san yadda albasa ke zubewa lokacin cira, ta yi arha, masu hali su saya su zuba a rudu su jira damina ta yi nisa farashi ya tashi. Na ga ana yi, na ce me zai hana ni. A ranin 2024 na sayi 'yan buhuna na haɗa da na wani abokina aka zuba. Manya-manya na zaɓa, masu sheƙi, ina jin na iya saye. Ashe albasar ajiya ba a ido ake gane ta ba. Wadda aka ɗura wa takin zamani aka yi ta ba ta ruwa har dab da cira, kyan gani gare ta amma ba ta jimiri. Ana so a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe kafin a zuba, a tsince mai rauni, a riƙa leƙawa ana fitar da wadda ta fara lalacewa kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. Masu sana'ar tun suna yara suke wannan aiki. Ni kuwa ina aji ina koyar da lissafi. Da ruwa ya sauka danshi ya shiga, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro, sauran ta rame. Muka sayar da abin da ya tsira cikin gaggawa, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. A ƙarshen wannan shekarar albasa ta yi tsadar da har jaridu suka yi ta magana a kai, waɗanda suka iya ajiya suka kwashi rabonsu. Ban yi baƙin ciki da su ba, sana'arsu ce.

Ina cikin jimamin albasa ne mai shagon unguwarmu ya tare ni bayan sallar Magariba. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ya ce, "Malam, don Allah in ba damuwa ina son ganinka." Ya ja ni bayan kanta inda ba kowa, ya ɗauko wani dogon littafi da mai ya ɓata wa gefe, an ɗaure masa biro da zare. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi. A sama an rubuta "Gidan Malam". Man ja rabin kwalba. Dunƙule. Ƙullin omo. Taliya ɗaya. Sukari. Ashana. Gishiri. Garin rogo kwano ɗaya. Layi bayan layi, har shafin ya cika aka juya baya. Waɗansu an soke su da biro.

Ya ce, "Waɗanda ka ga an soke, ita ta biya. Da can duk mako takan aiko yaro da wani abu. To kwana biyu shiru, ni kuma inda nake saro kaya ba a ɗaga mini ƙafa. Ta roƙe ni kada in gaya maka, wallahi ba don dole ba da ban yi ba."

Da a ce ni mutumin kirki ne a wannan daren, da kunya ce za ta kai ni gida. Fushi ne ya kai ni. Na shiga ina faɗa, wai ta tona mini asiri a unguwa, wai yanzu yaron da bai kai ƙanena ba ya san cikin gidana. Ba ta katse ni ba. Sai da na gama ta gyara goyonta, ta ce, "Malam, asirin naka nake rufewa tun bara. Ka leƙa turke ka gani."

Na haska fitilar waya. Turaku uku, igiyoyi na nan, awaki babu. Kullum ta nan nake wucewa in jingine babur. Na lura ba na jin kukansu, amma na ba kaina amsa cewa ƙila an kai su ƙauye kiwo, ban tambaya ba. Awakin nan da su ta zo daga gidansu. Ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda take yi tun kafin in aure ta, ta tsaya, don jarin ya shige tukunya. Adashenta na mata ta roƙa aka ba ta kwasa da wuri, shi ma ya bi. Da komai ya ƙare ne ta koma littafin mai shago. Na tambaye ta ita me take ci. Ta ce, "Yara su ci, a ɗebe naka, in ya ragu in ci. In bai ragu ba akwai ƙanzo." Mace mai shayarwa. Wato rarar da na yi ta taƙama da ita, wadda na kai Aliero ta ruɓe a rudu, awakinta ne da jarinta da abincin bakinta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ce za ta tafi gida ba. Abu ɗaya ta nema: "Gobe kai za ka yi cefanen, da kuɗin da ka yanka."

Na je. Na tsaya gaban mai kayan miya na tambayi kashin tumatir, ya faɗa, na yi dariya na zaci wasa yake. Ya dube ni ya ce, "Malam, daga wace ƙasa?" Na sayi tattasai da tarugu na abin da ba zai ji a miya ba, na sayi daddawa da kuka, na auni garin masara. Da na iso wurin mai, abin da ya rage a hannuna ko rabin ƙaramar kwalba ba zai saya ba, ga kuɗin itace, ga sabulu, ga kokon yara na safe, ba a ma zo maganar kifi ko ƙashin miya ba. A wannan lokacin, tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Na ji wannan a rediyo, har na yi sharhi a kansa a majalisa ina zagin gwamnati. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa kuɗin da na yanke tun bara suna nan yadda suke, kasuwa kuwa ta yi gaba ta bar su. Na cika daga aljihuna na dawo gida da leda biyu marasa nauyi.

Ƙarshen mako na tafi Maiyama na gaya wa Inna da bakina, kafin ta ji a wani wuri. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba har na kai aya. Sannan ta ce, "Mi ɗiyar mutane ta yi maka? Ubanka bai yi boko ba, amma bai taɓa fidda dame daga rumbu ya kai kasuwa ba sai ya tambaye ni ko abin da ya rage zai kai mu kaka. Kai ka tahi ka koyo lissahi, ka rasa wanda za ka ci da shi sai wadda ke dafa maka." Na miƙa mata kuɗin da na saba kawowa, ta ture da bayan hannu. "Wannan watan ban so. Ka tahi ka sai mata akuya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Tun a zaure muka karanta cewa ci da sha da tufafi da wurin kwana na mace a wuyan miji suke, dukiyarta kuwa tata ce, ba ta da tilas ta sa ko ƙwandala a tukunya. Na san labarin Hindu 'yar Utba da ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan ƙwauronsa, aka ba ta izinin ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daidai da al'ada. Na san Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Sai dai ni na raba ayar biyu: ɓangaren almubazzaranci na riƙa karanta wa matata, ɓangaren ƙwauro na bar shi a littafi.

Gyaran bai zo da wata dabara mai ban mamaki ba. Mun zauna ne mu biyu, abin da ya kamata a fara da shi. Ta ce kada a yanke komai tukuna, a yi wata guda ana rubuta duk abin da ya fita, nata da nawa, har kuɗin goro. Da wata ya cika muka haɗa. Shafina, na shayi da kati da yawon yamma da gudummawa, ya kusa kamo abin da nake bayarwa a ciyar da gidan gaba ɗaya. Ni kaɗai. Ba ta ce komai ba, ta dai bar littafin a buɗe a gabana ta tashi ta shiga madafa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta nuna mini cewa sayen ƙulli-ƙulli kullum shi ne sayen tsada, wanda ya sayi mai cokali-cokali ya biya kuɗin galan bai ga galan ba. Ita ta ce a daina cirar kuɗi kaɗan-kaɗan wurin mai POS, tunda kowace cira da ladanta. Yanzu ranar da albashi ya shigo, kafin in biya ta ko'ina, abinci ake fara warewa, sannan haya da makaranta, sannan wani abu na ciwo, don zazzaɓin cizon sauro ba ya saɓa alƙawarin damina, bai kamata kullum ya same mu kamar ba mu san da zuwansa ba. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne nawa, kuma in ya ƙare ya ƙare.

Muka koma sayen kaka. Gero da dawa da wake daga kasuwannin ƙauye na ƙasar Maiyama, lokacin da manomi ke fitarwa. Shinkafa shanshera muke saye ta yi guminta a kai inji. Wake a jarka mai murfi ko a buhun PICS mai leda a ciki, wanda ke hana ƙwari iska su mutu ba tare da an zuba magani ba. Da rani, in tumatir da tattasai suka yi arha, a yanka a shanya. Kuɓewa ma haka. Duk wannan ba sabon ilimi ba ne, kakanninmu a kansa suka rayu, albashin wata-wata ne ya mantar da mu cewa abinci shekara-shekara ake lissafa shi. Matsalar sayen kaka ita ce yana son kuɗi a dunƙule, ma'aikaci kuwa ba ya da su. Sai na shiga adashen malamai na roƙi a sa kwasata ta faɗo a kaka. Na kuma karɓi wani yanki na gonar mahaifina da na bar wa 'yan'uwa, ina zuwa ƙarshen mako. Hannuna ya yi kanta, ɗalibai suna ta kallo.

Kada in yi ƙarya in ce sayen kaka kullum riba ne. A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, bayan an sami damina mai kyau kuma gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci. Masu ɓoye hatsi don riba sun ji jiki, manoman da suka sayi taki da tsada su ma sun koka. Geron da na saya a kakar 2024, daga baya na gan shi a kasuwa ƙasa da yadda na saya. Na ɗan ji zafi. Amma wanda ya ajiye don ci da wanda ya ajiye don riba ba ɗaya ba ne. Namu mun cinye shi, kuma duk tsawon watannin nan ba wanda ya kwana yana tunanin awon gobe.

Inda aka sha wuya shi ne wajen mutane. Gudummawa ba ta yankuwa gaba ɗaya, kuma bai kamata ba. Wanda ya ce zai cire zumunci daga kasafinsa, ranar da ta same shi zai san ya yi ɓarna, don a nan ƙasar ba mu da wani inshora da ya wuce 'yan'uwa da maƙwabta. Abin da muka yi shi ne muka sa mata iyaka a wata, muka bambanta gidan da ake buƙatar taimako da gidan da ake gasar nuna hannu. Na gano kuma cewa zuwa da ƙafa, a kama aiki, a tsaya har a watse, yana da daraja a idon mutanen kirki fiye da ambulan mai kauri. Anko ita da kanta ta ajiye, ban ce mata ba. Layyar da ta biyo baya ban yi ba, tunda sai da bashi za ta yiwu, kuma ba a ɗora ta a kan wanda ba ya da iko ba. Yara sun tambaya, na gaya musu gaskiya. Maƙwabta suka aiko da nama har ya yi yawa.

A majalisa kuwa na sha suna. Da aka ga ina zuwa aiki da shayina a fulas, kuma na daina sayen tsiren albashi, sai aka ce Malam ya zama mijin-ta-ce. Da farko abin ya sosa mini rai. Daga baya na lura masu faɗin haka da yawansu suna da shafi a littafin wani mai shago, wasu sun sani, wasu ba su sani ba. Ina zamewa wani lokaci, ba na musu. Akwai watan da kati ya cinye rabona tun kafin tsakiya na koma ina lallaɓa ta ta ranta mini, ta ba ni tana dariya, ta kuma rubuta.

A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a watan Oktoba Gwamna Nasir Idris ya amince da 75,000 ga ma'aikatan Kebbi. A daidai wannan lokaci litar fetur ta haura naira 1,000. Abin da aka ba mu da dama, kasuwa ta karɓi mafi yawansa da hagu. Shi ya sa ba na son a ɗauki wannan rubutu a je a karanta wa ɗan kabu-kabu, ko leburan da ke dakon buhu a kasuwar Jega, ko bazawarar da ke riƙe da marayu, a ce musu rashin tsari ne ya hana su ƙoshi. Akwai gidajen da babu abin ragewa a cikinsu, gaya musu su yi tattali rainin hankali ne, haƙƙinsu yana wuyan masu mulki da masu hali. Da irina nake magana, masu ɗan abin da za a raba, waɗanda in matsi ya zo suke tura shi ga wanda ya fi kowa rauni a gida, don sun san ba za ta fita waje ta faɗa ba. Haƙurin matanmu ya sa da yawa daga cikinmu muna yawo da sunan masu iya riƙon gida, alhali riƙe mu ake yi.

Na biya mai shago, na roƙe shi ya soke shafin a gabana. Na mayar mata da jarin ƙuli-ƙuli kaɗan-kaɗan, ta koma sana'arta, kuma ribarta ba ta shiga lissafin cefane. Awaki biyu sun dawo turke, saura ɗaya ake bi na. Na koma ɗakin malamai na janye wa'azina a gaban waɗanda suka ji shi, wasu suka yi shiru irin shirun da na gane.

Maigida, in ka taɓa rage kuɗin cefane kuma tuwo bai fasa zuwa ba, akwai mai cika gibin. Yau in ka fito daga masallaci, ka biya ta wurin mai shagon unguwarku ka ce ya buɗe maka shafin gidanka. In ka shiga gida kuma, ka tambaye ta abin da ta ci da rana, ka tsaya ka ji amsar.